Daga Keso Zuwa Gajimare: Tarihin Ajiye Lissafin Ciniki a Ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne sabuwar hanyar nan ta ajiye lissafin kuɗi wadda kamfanonin akantoci da 'yan kasuwa suka shiga bi, watau zuba littattafan cinikinsu a cikin abin da masana kwamfuta suke kira gajimare. Na san ba za a rasa wanda zai ce a ransa, me ya haɗa kifi da kaska, malamin Hausa da sha'anin akanta ba. Abin da ya haɗa mu kuwa kalmomi ne. Duk wanda ya saurari yadda ake tallar wannan hanya zai ji ana ta juya kalmomi biyar, ajiya da amana da bashi da lamuni da shaida, waɗanda Bahaushe ya daɗe yana ciniki da su tun kafin a shimfiɗa dogo a ƙasar nan. Saboda haka zan bi sawun waɗannan kalmomi ne cikin tarihi, in ɗauki ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan a matsayin wurin misali, ina yin tambaya guda a kowane zamani: a hannun wa lissafin yake, kuma in ya salwanta wa za a kama?

Bari mu fara da sunan. Injiniyoyi suna da al'adar zana siffar gajimare a takarda duk sa'ad da suke son nuna tarin na'urorin da ke can nesa, waɗanda ba su da bukatar bayyana yadda aka harhaɗa su. Daga wannan zane sunan ya fito. Amma abin da ake nufi yana nan ƙasa daram: manyan gine-gine ne cike da dubban kwamfutoci, da injinan sanyaya su, da masu gadi a ƙofa, wasu a jihar Bajiniya ta Amurka, wasu a Dablin, wasu a Afirka ta Kudu, wasu a Ikko. Mutum ya biya kuɗin haya wata-wata, a ba shi gurbi a ciki, ya riƙa aika lissafinsa can ta intanet, ya kuma duba shi ta waya ko kwamfuta daga duk inda yake. Kamfanin Amazon ne ya fara ba da irin wannan haya ga kowa da kowa a 2006. Da ni aka tambaya, da rumbun haya na kira shi, domin kalmar gajimare tana sa mai sauraro ya ɗaga kai sama, ya manta cewa rumbun yana da mai shi, yana kuma cikin ƙasar wani sarki. Amma suna ya riga ya kama, ba kuwa malamin harshe ke raɗa wa kasuwa suna ba.

Ƙasar da muke magana a kanta tana tsakanin birnin Zazzau da birnin Kano, a kan hanyar da fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna bi. Lokacin gyaran ƙananan hukumomi na 1976 duk tana ƙarƙashin Ikara, daga baya aka fitar da Maƙarfi, sa'an nan Kudan a 1996, mai hedkwata a Hunƙuyi. Ƙasa ce ta fadama. Rake da mazarƙwaila su suka fitar da sunan Maƙarfi da Kudan, tumatir da tattasai da masara kuma suna fita daga ko'ina cikinta, har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa kamfanin sarrafa tumatir a Ikara a 1981. Abin lura game da irin wannan amfani shi ne ba ya jira. Kwandon tumatir da aka tsinka da safe, in ya kwana uku bai sami mota ba ya zama asara. Don haka yawancin cinikin a kan bashi yake tafiya: manomi ya ba dillali, dillali ya ɗora wa mai mota, kaya su tafi Ikko ko Fatakwal, kuɗi su biyo baya. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. Inda bashi ya yi yawa haka kuwa, tilas a sami hanyar tuna shi.

Hanya ta farko ita ce kai. A zamanin wuri, ƙidayar kuɗi kanta aiki ce mai cin yini. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya ga ana ƙidayar wuri 500,000 a Tasawa a 1851, ana jan su biyar-biyar ana tara su tsibi-tsibi. A Kano a wannan shekara wuri 2,500 ake ba da liyari guda, watau dalar azurfa. Keso, wanda shi ne buhun tabarma mai cin wuri 20,000, bai wuce liyari 8 ke nan ba. Kuɗin da nauyinsa ya kai haka ba a yawo da shi sai dole. Abin da ya fi sauƙi shi ne a bar shi inda yake, a riƙa juya bashi da baki: wane yana bin wane keso uku, wane kuma ya ɗauki nauyin biya in kaka ta yi. Mai fura ta ja layi da gawayi a bangon zaure, mai goro ya ƙirga ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya goro 100, uwar adashi ta riƙe zubin mata ashirin a ka ba tare da ta haɗa na wata da na wata ba.

Ginshiƙin wannan tsari shi ne fatoma, ko maigida kamar yadda ake kiransa a zango. Baƙo ya sauka gidansa, ya ajiye kayansa da kuɗinsa a hannunsa, shi zai nemo mai saye ta hannun dillalansa, shi zai tsaya lamuni in an sayar bashi. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Badun a farkon shekarun 1960, ya ga yadda ake sayar wa mahautan Yarabawa shanun Arewa bashi ba tare da takarda ko sa hannu ba. Abin da ya riƙe cinikin shi ne masu gida da dillalansu sun san kowane mahauci, sun san wanda ke biya da wanda ke noƙewa, kuma in mahauci ya gudu maigida ne zai biya mai shanu daga aljihunsa, in ba haka ba sunansa ya ɓaci har Arewa, baƙi su ƙaurace wa gidansa. Ina roƙon a riƙe wannan siffa da kyau, domin za mu koma kanta. Ga mutum yana ajiye dukiyarsa da labarin dukiyarsa a hannun wani, a wani gari mai nisa, yana biyan la'ada. Wannan ai shi ne rumbun haya. Bambancin kawai, mai rumbun yana da fuska da gida da 'ya'ya, kuma alƙali ɗaya ke yi musu shari'a shi da mai ajiya.

Kada a ɗauka rashin ilmin lissafi ne ya sa aka dogara da kai. Malamanmu sun san hisabi, rabon gado kuwa ba ya yiwuwa sai da shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da a rubuta bashin da aka yanka wa lokaci, a kuma kafa shaidu. Ayarin fatake na Gwanja yakan tafi da malaminsa, ban da madugu da jagaba da uban dawaki, kuma cikin ayyukan malamin har da rubutu. Akwai ma littafin lissafi na wani attajiri mutumin Tuwat da ya zauna Katsina a farkon ƙarni na 19, Abul Gaisi ɗan Ahmadu, wanda aka rubuta da Larabci, yana jera waɗanda ake bi bashi da adadin wurin da ke kansu, masana tarihi kuma sun yi nazarinsa. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Zariya, irin su Risala da Muhtasar, suna da babi a kan wadi'a, watau ajiya, inda aka bayyana cewa wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biya in ta halaka sai in ya yi sakaci ko ya taɓa ta ba da izini ba, kuma in da shaidu aka ba shi, da shaidu zai mayar. Ashe ke nan rubutu yana nan, doka tana nan. Abin da ya sa ƙaramin ɗan kasuwa bai damu da su ba shi ne takarda tana da tsada, daga hamada ake kawo ta, kuma cinikinsa bai fi ƙarfin kansa da idon maƙwabtansa ba.

Aibin wannan tsari guda ne, amma babba: kai yana mutuwa. Attajiri ya faɗi ba zato, rabin abin da yake bi ya bi shi kabari, masu binsa kuwa su zo da shaidunsu. Da yawa daga cikin gidajen arzikin da suka rushe a tsara guda, a nan suka rushe.

Takarda ta shigo da ƙarfi ne tare da Turawa, kuma ta ƙofar haraji ta shigo. Wannan magana ina ganin ita ce mabuɗin halin da muke ciki har yau. Bayan an ci Zazzau a farkon ƙarni na 20, an tura hakimai su bar birni su zauna a gundumominsu, Ikara da Maƙarfi suka zama mazaunin hakimai, kowane da malaminsa mai rubuta sunayen masu biyan haraji da adadin shanun jangali. An fara baitulmali a Katsina a zamanin Palmer, zuwa 1911 tsarin ya bazu a masarautun Arewa, aka sami ma'aji da leja da bauca da rasit. Makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, cikin manyan ayyukanta har da horar da malaman da za su riƙe waɗannan littattafai. A daidai wannan lokaci dogo ya ratsa ƙasar, ya bi ta Likoro da Gimi ya isa Kano a 1911, sulalla suka kori wuri, kantunan Turawa suka kafa sikeli suna sayen auduga da gyaɗa. A bakin sikelin akwai akawu da littafinsa. Manomin Gimi ko Paki bai iya karanta abin da akawu ya rubuta ba, abin da ya sani shi ne duk ranar da aka buɗe littafi a gabansa, ko dai za a karɓi wani abu daga hannunsa, ko kuwa za a ba shi ƙasa da abin da yake tsammani.

Saboda haka mutane suka koyi darasi, suka kuma koya wa 'ya'yansu: abin da aka rubuta na hukuma ne, abin da aka ɓoye shi ne naka. Bafulatani ya raba garkensa kafin malamin jangali ya iso, ɗan kasuwa ya bar lissafinsa a ka. Sa'ad da M. G. Smith ya yi bincikensa a kan tattalin arzikin ƙauyukan Zazzau a 1949 da 1950, sai da ya zauna da magidanta ɗaya bayan ɗaya yana tambayarsu abin da suka samu da abin da suka kashe a shekara, domin babu littafin da zai duba. Gwamnatocin Balarabe Musa a Kaduna da Abubakar Rimi a Kano sun soke haraji da jangali a 1979, amma tsoron littafi bai tafi tare da su ba. Duk akantan da ya taɓa roƙon wani Alhaji ya nuna masa ainihin cinikinsa ya san abin da nake faɗi.

Shi kansa aikin akanta, a matsayin sana'a mai zaman kanta, baƙo ne na baya-bayan nan. Tsarin rubuta kowace hulɗa sau biyu, shiga a wannan shafi fita a wancan, wani malamin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya bayyana shi a littafin da aka buga a Banis a 1494, amma sai a 1952 ɗan Nijeriya na farko, Akintola Williams, ya buɗe kamfanin akantoci nasa a Ikko. An kafa ƙungiyar ICAN da doka a 1965, ANAN kuma ta sami tata dokar a 1993. A nan Arewa, makarantar horar da akawuna da aka buɗe a Zariya bayan Yaƙin Duniya na Biyu ita ta zama Cibiyar Koyon Sha'anin Mulki ta Kongo a 1954, ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma daga nan ma'ajin En'e da na ƙananan hukumomi da yawa suka fito. Ƙasar Maƙarfi ma ta ba da nata: Ahmed Mohammed Maƙarfi, gwamnan Jihar Kaduna daga 1999 zuwa 2007, lissafin kuɗi ya karanta a wannan jami'a, ya kuma riƙe Kwamishinan Kuɗi kafin ya zama gwamna. Sai dai a lura, kusan dukkan waɗannan masana gwamnati da banki da manyan kamfanoni suka yi wa aiki. Ofisoshin akantoci suna Kaduna da Kano da Zariya. Mai gidan mai a Tashar Yari, ko mai sayar da taki a Ikara, ba ya neman akanta sai in banki ya ce ya kawo lissafin shekara kafin a ba shi rance, ko yana neman takardar shaidar biyan haraji don kwangila. Sa'an nan ne za a kwashi rasit a buhu a kai birni, a ƙera masa lissafin da zai gamsar da mai tambaya. Lissafin gaskiya yana nan inda yake tun zamanin keso.

Zamanin kwamfutar tebur ba sai mun daɗe a kansa ba. Ofisoshin akantoci sun sayi manhajoji irin su Peachtree da Sage da QuickBooks, aka zuba lissafin abokan hulɗa hamsin a cikin na'ura guda a kusurwar ofis. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ƙwayar cuta ta shiga ta filas, na'ura ta mutu da aikin shekara uku a cikinta, ko yaron da ya san lambar sirri ya sami aiki a Abuja. Leja ta takarda ma ba ta tsira ba: gobarar da ta ci kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ta ci kaya, ta kuma ci littattafan bashi, wanda kuwa ake bi ba kullum yake zuwa ya tuna wa mai binsa ba.

Abin da ya canja al'amari a ƙauye waya ce. Layukan salula sun fara aiki a 2001. Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin wakilan banki a 2013, aka ƙaddamar da lambar BVN a 2014. Gwamnatin Jihar Kaduna ta koma asusun bai-ɗaya a 2015, dokar harajinta ta 2016 kuma ta hana jami'i karɓar kuɗin shiga a hannu. Amma wanda ya tura talaka cikin gajimare da ƙarfin tsiya shi ne canjin kuɗi. A watan Oktoba na 2022 Babban Banki ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, zuwa Fabrairun 2023 tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane, daidai lokacin da tumatirin rani yake fitowa. Jihar Kaduna na cikin jihohi uku na farko da suka kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu. Kafin nan dai mai kwando goma a bakin hanya ya riga ya ga cewa ko ya karɓi taransifa ko kayansa su ruɓe. Dattawan da suka ga canjin kuɗi na 1984 sun ce wancan layin banki ya sa su, wannan kuwa asusu ya sa su buɗe. Tun daga lokacin, rumfar mai POS ta zama kamar rumfar mai shayi, babu kasuwar da ba ta, kuma sunayen Moniepoint da OPay da PalmPay sun shiga bakin tsofaffin da ba su taɓa taka ƙofar banki ba.

To, ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Duk taransifar da dillalin mazarƙwaila ya karɓa, an rubuta ranarta da sa'arta da sunan wanda ya aiko, an ajiye a rumbun wani kamfani. Watau mutumin da kakansa ya ƙi littafin akawu, ubansa ya ƙi na malamin haraji, yau yana da leja cikakkiya wadda bai rubuta da hannunsa ba, bai kuma san inda take ba. Tambayar ko ɗan kasuwar Kudan zai shiga gajimare ta wuce, ya riga ya shiga.

Amfanin abin ga akanta a fili yake, ba kuwa zan rage shi ba. Akanta yana zaune a Zariya, abokin hulɗarsa yana Ikara, su biyun suna duban shafi guda a lokaci guda. Ba sai an jira ƙarshen shekara an kawo buhun rasit ba, kuskuren da aka yi ranar Talata ana iya ganinsa ranar Laraba. Manyan kamfanonin rumbu suna ajiye kwafi a gine-gine dabam-dabam, don haka gobarar kanti ko satar waya ba ta cin lissafi. Manhajar tana rubuta wanda ya shigar da kowane adadi da wanda ya goge shi, abin da ke sa yaron kanti ya yi tunani biyu. Doka ma ta buɗe ƙofa: sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi abin da kwamfuta ta fitar a matsayin shaida a kotu in an cika sharuɗɗa. Kuma manomin da ba shi da takardar fili da zai jinginar, yanzu yana da tarihin cinikin shekara biyu da zai nuna wa mai ba da rance. A karo na farko littafi yana iya yi wa talaka aiki maimakon a yi aiki da shi a kansa.

Amma kayan aro ba ya rufe katara. Rumbun da ke nesa sai da hanya ake isa gare shi, hanyar kuwa ba a hannunmu take ba. A ƙarshen Satumba na 2021 an rufe layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga, kamar yadda aka yi a Zamfara da wani yanki na Katsina, aka yi kusan wata biyu mutanen wuraren ba su iya kira balle taransifa. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Kwaddibuwa, manhajojin bankuna suka tsaya a Nijeriya. Mai tattasai a Hunƙuyi bai taɓa ganin teku ba, amma ranar teku ta hana shi karɓar kuɗinsa. A Oktoban wannan shekara kuma yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda babu wutar lantarki bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. Ofishin akantan da ya mayar da kome gajimare bai tanadi sola da layin waya na biyu ba, a irin waɗannan ranaku zaman hira kawai zai yi.

Sai kuɗin haya. Yawancin manhajojin lissafi na ƙasashen waje da dala ake biyansu. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Alal misali hayar dala 30 a wata, wadda take naira 13,800, ta koma 45,000 ba tare da an ƙara wa mai haya ko shafi guda ba. Wanda ya kasa biya kuwa ana iya rufe masa ƙofa da lissafinsa a ciki, alhali dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfani ya adana littattafansa shekara shida. Fatoman da bai taɓa ganin fuskarka ba, ba ya jin ka ce a yi haƙuri sai kaka.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ita ce gonata. Waɗannan manhajoji an gina su ne a kan cinikin wasu mutane. Suna tambayar kilo da lita, mu kuwa da kwando da tiya da dami da buhu muke awo, buhun ma na wannan kasuwa ba daidai yake da na waccan ba. Ba su san la'ada ba, ba su san gyara ba, ba su san kuɗin da aka ba manomi tun shuka a kan zai biya da amfani ba, suna kuma da gurbin kuɗin ruwa a shirye wanda da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu ba za su taɓa ba. In mai kanti ba ya karanta Turanci, tilas ya miƙa wayar ga yaro, mun koma gidan jiya ke nan, zamanin akawu da sikeli. Masu damfara sun gane wannan sarai, shi ya sa alat na bogi da kiran waya na neman lambar sirri suka fi cin waɗanda ba su iya karanta saƙon da ke shigo musu. Ina ganin babu aikin da ya fi cancanta sassan Hausa da na lissafin kuɗi da na kwamfuta a jami'o'inmu su haɗu a kansa kamar tsara kalmomin lissafi da Hausa, boko da ajami, tun daga kasuwa, ba daga ƙamus ba.

Mu koma ga tambayarmu ta wa za a kama. A babin wadi'a an san mai ajiya, an san alƙalinsa. A gajimare, yarjejeniyar da mutum yake danna wa amincewa ba tare da ya karanta ba takan taƙaita abin da kamfani zai biya in an yi asara, takan kuma ambaci kotun wata ƙasa. Amurka ta yi doka a 2018 wadda ta ba hukumominta ikon neman bayanai daga kamfanoninta ko da a wata ƙasa suka ajiye su. Nijeriya ta sa hannu a kan dokarta ta kare bayanan jama'a a Yunin 2023, akwai kuma rumbuna a cikin gida, har da na Galaxy Backbone da aka buɗe a Kano a farkon 2023. Wannan ci gaba ne. Amma ga mai shagon taki a Ikara, duk waɗannan sun yi nisa. Wanda ya sani shi ne akantan da ya ce masa ya shiga. Saboda haka a ganina akanta ne ya gaji kujerar fatoma, ko ya so ko bai so ba. Shi ya kamata ya san ƙasar da rumbun yake, ya karanta yarjejeniya a madadin abokin hulɗarsa, ya tabbata asusun da sunan mai dukiya aka buɗe shi ba da sunan ofishinsa ba, domin ranar da suka ɓata kada lissafin mutum ya zama abin garkuwa. Tsoron hukuma kuma kada a yi wa mutane ƙarya a kansa: lissafin da ke gajimare ya fi sauƙin isa ga mai karɓar haraji fiye da wanda ke ka. Abin da zai sa ɗan kasuwa ya yarda duk da haka shi ne ya ga harajin yana da ƙa'ida, ba a ninka masa shi don ya faɗi gaskiya.

Wuri ɗaya da nake ganin ba a yi tunaninsa sosai ba shi ne gado. Shari'a ta ce a biya bashin mamaci kafin a raba dukiyarsa, abin da yake bi kuma a karɓo a haɗa. A da matsalar ita ce lissafi ya tafi tare da kan mai shi. Yanzu lissafin yana nan lafiya lau, kwafi uku a ƙasashe biyu, amma yana bayan lambar sirri wadda mamaci kaɗai ya sani, a cikin wayar da ba ta buɗewa sai da yatsansa. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfanin waya yakan sake sayar da shi ga wani, saƙonnin asusu kuma su riƙa zuwa wa baƙo. Alƙalin kotun shari'a a Ikara ko Maƙarfi yana iya rubuta wa bankin da ke da reshe a Zariya, amma manhajar lissafi da ofishinta ke wata nahiya fa, wa zai kai mata sammaci? Matan mamaci da marayunsa suna zaune, masu bin bashi suna sallama a ƙofa, waɗanda ake bi kuwa sun yi shiru.

Maganin wannan ba ya bukatar sabuwar na'ura. Akanta ya sa a cikin yarjejeniyarsa da kowane abokin hulɗa sunan mutum na biyu da za a buɗe wa lissafi in ta Allah ta kasance. Duk wata uku a sauke kwafin jerin bashi, na shiga da na fita, a buga shi a takarda, mai dukiya ya sa hannu, shaidu biyu su sa, a ajiye ɗaya a gida ɗaya a ofishin akanta. Jerin asusun da mutum yake da su, ban da lambobin sirrinsu, ya shiga cikin wasiyyarsa. Malaman da ke rabon gado a Paki da Gimi da Likoro kuma a kira su a zauna da su tare da akantoci, domin su ne za a fara kira ranar da abin ya faru, tun kafin a tuna da wani injiniya.